Rasuwar Malam Tuna-Har-Abada na Shagon Alhaji Labo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, rabinsa na rashi rabinsa na jin kunya, ake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da masu kawo aikin katin biki da kalanda da hoton fasfo, a madadin Alhaji Labo Mai Hoto na Funtuwa, cewa rai ya yi halinsa. Malam Tuna-Har-Abada, wanda ya shafe shekara goma da 'yan kai yana tsaron ƙofa a cikin kwamfutar shago, ya riga mu gidan gaskiya ranar Litinin ta makon jiya, daf da magariba, a daidai lokacin da aka kashe kwamfuta aka ja ƙofa. Shi kaɗai ya cika, babu kowa a kansa. Mai shago yana bakin titi a lokacin, yana koya wa mai shayi yadda ake tafiyar da yaran zamani.

Da yawa za su ce ba su san marigayin ba, kuma ba su yi ƙarya ba, domin bai fi ƙwayar gero girma ba. Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin kantar shagon akwai wani baƙin akwati, ba shi da allo ba shi da madannai, sai 'yar fitila koriya da ɗan ƙugi a hankali. A cikinsa ake ajiye duk hoton da aka taɓa ɗauka da duk aikin da aka taɓa tsarawa a shagon. Waya ce ta haɗa shi da kwamfutar da ke kan tebur, kuma ba ya buɗe wa kowa sai an ba shi kalmar sirri. Ranar da aka fara shigar da kalmar, kwamfuta ta jero layi uku da Turanci, ma'anarsu ita ce: a manta yanzu, a tuna har a kashe, a tuna har abada. A gaban na ukun akwai ɗan baƙin ɗigo, wanda a zaune ya zo tun daga wurin masu ƙera tsarin, babu wanda ya sa shi. Wannan ɗigon shi ne marigayi. Sau ɗaya ya karɓi kalmar ya riƙe, daga ranar kuma bai sake barin akwati ya tambayi kowa komai ba.

An shaide shi da haƙuri da riƙon amana. An ɗauke wuta sau ba adadi yana tsakiyar aiki, in an dawo da ita a tarar da shi inda aka bar shi, kalma na nan a hannunsa. Shekarar da tsawa ta ƙone injin bugawa ta haɗa da fankar sama, shi ko gezau. Bai taɓa neman kuɗin shayi ba, bai taɓa cewa yau bikin ƙanwarsa ake yi a Bakori ba, bai taɓa ɗaga ido ya tambayi mai zama a kujera ko shi wane ne ba. Muryarsa sau ɗaya tak aka ji a duniya, ranar da aka haife shi, lokacin da aka danna linzamin kwamfuta ya ce “ƙyas”. Daga nan ya yi shiru har ƙarshen rayuwarsa.

Alhaji Labo ya so shi matuƙa, duk da bai taɓa sanin yana nan ba. Yakan nuna wa baƙi allo yana cewa, “Kun gani? Akwatina hannuna ya sani. Ina zama yake buɗewa.” Su kuwa baƙi su jinjina kai su ce lallai Alhaji ya iya da na'ura. In an bi ta gaskiya, marigayin shi ne irin ma'aikacin da Alhaji ya yi ta nema tun yana saurayi bai samu a cikin mutane ba: wanda zai yi aiki, ba zai yi magana ba, kuma ba sai an kira sunansa ba.

A hannun ɗan farin Alhaji aka haifi marigayi. Alhaji ya duba wannan sanarwa kafin a buga, ya ce kada masu rubutu su sa sunan yaron, saboda haka ba mu sa ba. Kowa a ƙasar nan ya san kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ma in an tambaya sai ya kawar da kai ya ce ɗan wansa ne. Amma yawancin iyaye, a ƙarƙashin wannan kawar da kan akwai tsokar nama da ake aika wa yaro ta hannun wani, akwai sabon takalmi da zai tarar a bakin ɗaki bai san wanda ya ajiye ba. Alhaji Labo ya ɗauki kawar da kan ya riƙe da hannu biyu, naman da takalmin ya bar su a kasuwa. Janaretan shago yana da suna, Ɗan Tsiga ake ce masa, don daga can aka sayo shi. Magen da ke kwana kan kwalayen takarda tana da suna. Ɗan fari kuwa “kai” ne in yana kusa, “wancan” in ya ɗan matsa.

Wancan ɗin ne ya shiga cikin silin da tsakar rana ya ja waya, ya fito kamar an tono shi. Shi ya haɗa akwati da kwamfuta, ya kwashe hotunan shekaru daga faya-fayan da suka fara lalacewa ya zuba a ciki. Da ya gama, ya durƙusa ya ce zai faɗa wa mahaifinsa kalmar sirrin. Alhaji bai ɗago daga lissafin carbinsa ba.

“Riƙe abinka, ni ba ɗan makaranta ba ne. Ba ka ce ita za ta tuna ba?”

“Za ta tuna, Baba.”

“To, me zan yi da kai kuma?”

Babbar amanar da marigayi ya riƙe ba katunan biki ba ne. A wani lungu cikin akwatin akwai hoton Hajiya Rabi, matar Alhaji, mahaifiyar yaron. Hajiya Rabi ta auri mai hoto ta zauna da shi shekara talatin da ɗoriya ba ta yarda an ɗauke ta ba, in ban da na fasfon Hajji, wanda ta ɗaure fuska a ciki kamar ana yi mata allura, shi ma gara ta cinye shi a cikin akwatin kaya. Ɗanta ne kaɗai ya shammace ta wata rana tana zaune a tabarma tana tsintar wake. Ya kira ta, ta waigo tana dariya, mayafi ya zame zuwa rabin kai, ya danna. Ba a daɗe ba ciwo ya kwantar da ita, kuma ba ta tashi ba.

Alhaji ya ci karo da hoton yana neman wani abu daban, bai ce wa kowa komai ba. Tun daga lokacin, kullum in ya fito masallaci da asuba sai ya zarce shago, ya buɗe ƙofa rabi, ya zauna gaban allo. Marigayi ya buɗe masa ba tambaya, shi kuma ya yi ta kallon matarsa tana yi wa wani dariya. Mutumin da ya buga fuskar rabin Funtuwa a takarda mai sheƙi bai taɓa buga wannan ba. Ina zai kai kunya, ma'aikata su ga dattijo yana fitar da hoton matarsa daga inji, kanta rabi a buɗe? A zatonsa asirinsa a rufe yake. Duk shagon an sani. Shi ya sa ma'aikata suke tsayawa wurin mai ƙosai da gangan, su ci su ƙara, har sai sun hango an buɗe ƙofa gaba ɗaya sannan su ƙaraso. Alhaji kuwa ya tarbe su da faɗan makara, su sunkuyar da kai su ba shi haƙuri.

Game da yadda aka yi ɗan fari ya bar gida, abin a zaman makokin mahaifiyarsa ya faru. Wani dattijo ya zo gaisuwa daga Danja, ya hango saurayi a rakuɓe, har lokacin da jar ƙasar kabari a gefen rigarsa, domin shi ya shiga ya karɓe ta. Ya ce, “Wannan ne babban nata? Bari in yi masa ta'aziyya.” Alhaji ya ce, “Wannan? Yaron shagona ne.” Mutane suka yi murmushi, suka ce Alhaji akwai alkunya. Bayan addu'ar arba'in yaron shago ya ɗaure jakarsa a bayan babur ya tafi Dayi wurin kawunnansa, ya kama noman masara. Alhaji bai aika a neme shi ba. Me zai nema? Akwati yana buɗewa.

Rashin lafiyar ajali ta fara ne da faɗuwar daminar bana. Kwamfuta ta riƙa nauyi, a danna abu sai an je an sha ruwa an dawo kafin ya fito. Aka kira Injiniya Kamalu, mai gyara a bakin kasuwa, mutum mai jaka biyu da bayani mai yawa. Ya kasa kunne a jikinta, ya tsuke baki, ya ce wanka take so, a share komai da ke kanta a zuba mata sabon tsari. Ya ce hotuna ba abin da zai same su tunda a akwati suke. Alhaji ya ce a yi. Babu wanda ya tuna da ɗan ɗigon da ke riƙe da makullin akwatin, har shi injiniyan, wanda aikinsa ne ya tuna.

Da aka gama wanka kwamfuta ta tashi garau, tana gudu kamar sabuwa. Aka taɓa akwati, sai ga wata 'yar taga ta fito a tsakiyar allo, da fili fari tana jira.

“Alhaji, kalmar sirri,” in ji Kamalu.

“Wace kalma? Ai ta sani.”

“Da ta sani, ranka ya daɗe. Yanzu ta manta.”

Aka gwada Labo, kwamfuta ta ce “tun!” Aka gwada Funtuwa, “tun!” Aka gwada lambar motar Alhaji, da sunan shago, da Ɗan Tsiga, har sunan mage sai da aka sa, ba abin da ake ji sai “tun!” kamar ana ƙwanƙwasa tulun da babu ruwa. Kamalu ya share gumi ya ce akwai hanyar buɗe akwatin da ƙarfi, amma irin kullewar da aka yi masa, in an bi ta nan duk abin da ke ciki zai goge. Abin da bai lura da shi ba, ko ya lura bai ga amfanin faɗa ba, shi ne masu ƙera tsarin, can a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Funtuwa ba, sun zauna sun yanke cewa tunawa har abada ganganci ne. A sabon tsari ɗigo a layin tsakiya yake zuwa, wato a tuna har a kashe. Layi na uku yana nan, amma sai mutum ya kai hannu da kansa. A nan marigayi ya kwanta rai a hannun Allah, dannawa ɗaya kawai yake jira.

Alhaji ya shiga wani hali. Bai fasa zuwan asuba ba, sai dai yanzu farin fili yake tararwa a maimakon Hajiya Rabi. Ya daina cin tuwon dare sosai, ya yi wa mai kawo takarda tas a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya kori mage. Masu neman tsofaffin hotunansu suka fara zarya. A nan ne ƙanwarsa Lauratu ta shigo maganar. Ita ta goyi yaron, a ɗakinta ya yi wayo kamar yadda aka saba yi da ɗan fari, kuma ita kaɗai ce a dangi ba ta tsoron idon Alhaji. Mun yi alkawarin ba za mu rubuta sunan da hannunmu ba, amma ba mu yi alkawarin toshe wa Lauratu baki ba.

“Yaya, ka kira Zubair mana.”

“Wa?”

“Ka ji ni sarai.”

Alhaji ya dubi bango ya ce, “Ni ban hana kowa kiran kowa ba.”

Ita ta kira. Ranar Litinin da hantsi sai ga shi a kan babur, taɓo har gwiwar wando, ya yi baƙi ya bushe irin na mai wuni a gona. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya ce, “Baba, mun same ku lafiya?” Alhaji ya amsa wa kalandar da ke rataye cewa lafiya lau. Saurayin ya zauna gaban allo, yatsunsa suka rubuta kalmar ba tare da ya tsaya tunani ba, shekarun nan duka tana nan a kansa. Sai idonsa ya sauka kan layukan nan uku. Ya ga inda ɗigo yake, ya ɗan yamutsa fuska, ya kama linzami ya fara jan 'yar kibiyar allo zuwa ƙasa, wajen layi na uku. Waɗanda suke wurin sun ce a wannan lokacin marigayi kamar ya buɗe ido.

A kan benci kuwa akwai Alhaji Sanda dillalin auduga, wanda katin bikin 'yarsa ya maƙale a akwatin. Ya ƙura wa saurayin ido, ya ce, “Alhaji Labo, wannan ba babban naka ba ne? Kai, kamar har ta yi yawa. Ga goshin nan.”

Da Alhaji ya yi shiru ma, da an wuce wurin. Da ya yi tari, ko ya tashi ya fita alwala, da yau ba a buga wannan takarda ba. Amma ya ga kalma ta riga ta shiga, ya san halin kwamfutarsa, in ta karɓa sau ɗaya ta karɓa ke nan. Bukata ta biya. Ya gyara zaman hula ya ce, da ƙarfin da har mai shayi ya ji:

“Ina! Mai gyara ne aka samo mana daga ƙauye. Kamalu, in ya gama a zuba masa mai a babur, kar ya je ya ce an ci guminsa.”

Kibiya ta tsaya. Tsakaninta da layi na uku bai fi faɗin yatsa ba. Saurayin ya dubi allo na ɗan lokaci, sannan ya ɗauke hannunsa daga kan linzami a hankali, ya danna babban madanni. Akwati ya buɗe, hotuna suka zubo reras. Ya miƙe ya karkaɗe wando.

“Ya buɗe, Alhaji.”

Lauratu, da ke tsaye a gefe, ta dafe baki, domin tun da ya iya magana ba ta taɓa jin ya kira mahaifinsa da wani abu ba Baba ba. Ya sa takalminsa, ya tada babur, man ma bai tsaya karɓa ba. Don kada a zalunce shi a wannan sanarwa, ya kamata a faɗa: bai ɓata komai ba, bai goge komai ba, bai taɓa komai ba. Yadda ya tarar da ɗigon haka ya bar shi.

Wunin ranar Alhaji ya yi shi cikin nishaɗi. Ya sayi lemo ya raba, ya yafe wa mage. Aka buga wa Alhaji Sanda katinsa ya tafi yana sa albarka. Akwati a buɗe yake tun hantsi har rana ta yi sanyi, kuma Kamalu da kansa ya tambaya ko a kwafe abin da ke ciki a ajiye a wani wuri saboda tsaro. Alhaji ya ce, “Gaggawar me? An buɗe an buɗe ke nan. Wata shekara goman ma ba ni da bukatar kowa.” Sau biyu ko uku aka ga idonsa ya je kan lungun da hoton yake, amma shago a cike, ga ma'aikata, ga Lauratu a tsaye tana harararsa. Ya ce a ransa gobe da asuba, a natse. Da aka fara kiran magariba ya ce a kashe a rufe. Aka kashe.

Ranar Talata Alhaji ya riga ladan fita daga masallaci. Har turare ya shafa. Ya buɗe ƙofa rabi, ya kunna, ya gyara zama, ya taɓa akwati. 'Yar tagar nan ta fito da farin filinta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya sa yatsa ɗaya ya rubuta Rabi. Kwamfuta ta ce “tun!” Ma'aikata sun gama cin ƙosai sun ƙara, sun gaji da tsayuwa ba a buɗe ƙofa ba, suka leƙa. Suka tarar da shi zaune, hula a kan gwiwa. Ranar bai yi musu faɗan makara ba.

Kamalu ya zo ya duba gawa, ya tabbatar da rasuwa. “Ai ɗigon a tsakiya yake, Alhaji. Iya zama ɗaya yake tunawa. Da an matsar da shi ƙasa jiya, shi ke nan.” Alhaji ya tambaya ko mai gyaran jiya bai san da haka ba. Kamalu ya sosa ƙeya ya ce shi dai ya ga kibiya tana tafiya, sai kuma ya ga ta tsaya.

An yi ƙoƙarin ƙarshe. Lauratu ta hau mota har Dayi, ta same shi a gona yana sa wa masara taki. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ja zance ba. Ya ce, “Gwaggo, ban manta kalmar ba, kuma ba ɓoye ta nake yi ba. Ya kira ni a waya da bakinsa, ya ambaci sunana sau ɗaya. Ko a ɗaki ne, ko babu kowa a wurin. Zan faɗa masa, in kuma gaya masa inda zai sa ɗigon.” Ta dawo ta isar da saƙo yadda aka ba ta. Alhaji ya ciro waya daga aljihu, ya juya ta, ya dubi bayanta, ya ajiye a kan tebur.

“Ni zan kira ɗan cikina da suna? Saboda akwati?”

“Ba saboda akwati ba, Yaya. Saboda Rabi.”

Wannan ne karo na farko da wani ya nuna masa an sani, kuma a gaban ma'aikata. Fuskarsa ta canja. Ya ce, “Rabi tana kabarinta. Kamalu, goge shi.” Kamalu, wanda duk wannan aika-aikar daga wankansa ta taso, ya yi ta maza ya ce a sayi wani akwatin a ci gaba da aiki, wannan a ajiye shi gefe, wata rana zuciya za ta sauko. Alhaji ya ce, “A ajiye shi yana kallona da koren ido, gari ya ɗauka Labo yana jiran yaro? Na ce goge.”

Marigayin ya rasu ya bar 'yan uwa biyu, A-Manta-Yanzu, wanda bai taɓa amfanar kowa ba, da Tuna-Har-A-Kashe, wanda ya gaji kujerarsa kuma ya nuna halinsa tun daren farko. Ya bar baƙin akwati da dubban fuskoki a kulle a ciki: amare da angwaye, alhazan shekaru da dama, 'yan makarantar da yanzu sun yi gemu, da tsofaffin da iyalansu ke cewa a bar musu a nan, ai wurin Alhaji ba ya ɓata. Ya bar Lauratu, wadda ta daina gaishe da yayanta. Ya kuma bar Alhaji Labo da kansa, cikin ƙoshin lafiya da cikakken mutuncinsa, bai kira kowa da suna ba. Shekaranjiya ne dai aka ji yana tambayar ƙanwarsa, murya ƙasa-ƙasa, ko mayafin nan na hoton kore ne ko shuɗi, kuma ta wane ɓangare Rabi ta waigo. Lauratu ta ɗauki jakarta ta fita.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan sallar azahar, a shagon. Ba za a yi masa salla ba, kuma babu bukatar likkafani, tunda babu abin da za a naɗe. Injiniya Kamalu ne zai sa shi a makwancinsa, tare da duk abin da ya tsare a rayuwarsa, ya ce aikin ba zai kai tafasar ruwan shayi ba. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kada su zo da wata kalma a gwada, an gaji da jin “tun!” Masu hotuna a ciki su yi haƙuri, su riƙe abin da suka iya tunawa. Mata kada su nufi gidan Lauratu, ta ce ba ta karɓar gaisuwar abin da aka kashe da gangan. In fitilar nan koriya ta fara ƙiftawa, ana so jama'a su dubi ƙasa ko titi, kada a dubi fuskar mai shago.

Bayan an binne, akwatin zai nemi sabuwar kalmar sirri, kuma Alhaji ya ce wannan karon shi zai rubuta da hannunsa. Ya riga ya zaɓa. Kwanakin nan an sha hango shi ta ƙofa rabi, kwamfuta a kashe, yana bin madannai da yatsa ɗaya yana koyon inda haruffan suke. Sunan nan da ya ƙi faɗa a waya shi ne kalmar. Kamalu ya tabbatar masa cewa allo zai mai da shi ɗige-ɗige, babu mai gani, babu mai ji. Ya kuma sa an nuna masa layi na uku har sau biyu, don ya kai ɗigon can da kansa. Wanda zai zauna a wurin ba marigayi ba ne, takwara ne kawai, amma an ce shi ma ba ya mantuwa. Zai riƙe sunan har abada, a bakin ƙofar akwatin da babu kowa a ciki.

Za a watse da la'asar, babu zaman makoki. Shago zai buɗe ranar Juma'a kamar yadda aka saba. Ana kuma sanar da ma'aikata cewa daga ranar ba sai sun tsaya wurin mai ƙosai ba. Su zo da sassafe abinsu, babu sauran abin da za su katse.